Shekarar da Na'ura Ta Sa Ni Cikin Matattu

Ran nan da muke dawowa daga Sabangali kin tambaye ni, fuskarki a murtuke, me ya sa kakarki take kiran kowa da sunansa amma ni sai ta ce "ke" ko "'yar nan", ko dai ba ta so na ne. Na ce ki bari mu isa gida. Da muka isa kuma na shige madafi na ƙi fitowa har kika gaji kika tafi wasanki. Ba mantawa na yi ba. Akwai maganar da bakina ba ya iya ɗauka, sai dai hannuna. Ga shi na rubuta miki, ki karanta, ki ajiye wa ƙannenki har su yi wayo, kada wani a cikinku ya girma da wannan zato a kan tsohuwar nan. Ni ma na ɗauki zaton nan shekara ashirin da biyu, kuma inda aka sauke min shi wuri ne da ba za ki taɓa tsammani ba: wani ɗaki mai sanyi a jami'a, gaban na'ura, a shekarata ta ƙarshe.

Ni ce 'yar fari a wurin Inna. Ana yaye ni aka kai ni Kabalaye wurin mahaifiyar Baba, wadda nake ce wa Kaka. Ita ce ta ba ni labarin yadda ubanta ya baro ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Makka, damina ta tsare ayarinsu a bakin kogin Shari, suka ce sai baɗi, baɗin kuma bai zo ba har muka zama mutanen Njamena. Kaka takan kira sunana sau ɗari a yini, ta ja shi kamar waƙa. A wurinta na koyi son kalmomi. Ina shekara goma sha biyu ta rasu, aka mayar da ni Sabangali, gidan da ƙannena biyar suka riga suka san kowane lungunsa, ni kuwa kamar baƙuwa. Inna ba ta taɓa zagina ba, ba ta taɓa dukana ba. Tuwona yana nan a rufe, kayan makarantata a wanke a goge. Amma in za ta ba ni abu sai ta ajiye a ƙasa ta ce wa ƙanwata, "Maryam, ce wa waccan ga sabulunta." Na san al'ada ce, kunyar ɗan fari, kowa ya sani. Sanin bai hana abin ci na ba. Nakan zauna a bakin Shari da littafina in rubuta waƙoƙi a kan tsuntsun da aka kai wata sheƙa, ina ganin babu mai baƙin ciki irina a duk garin.

Adabi na so in karanta a jami'a. Sakamakona na lissafi ne ya fi kyau, Baba kuma, wanda ke ɗinki a Ngeli kusa da gadar da ake hayewa zuwa Kuseri, ya ce waƙa ana iya yin ta a gida, lissafi kuwa sai an je wurin masu shi. Haka na shiga sashen ƙididdiga a farkon shekarun dubu biyu. Shekara biyu muna kan allo da alli, ina kwafa ina kallon taga. A ta uku ne aka buɗe mana ɗakin na'urori.

Ku yanzu kowa da kwamfuta a jakarsa, ba za ku gane ba. Mu ordinatar muke ce mata, kuma kafin ka shiga ɗakinta sai ka tuɓe takalmi a bakin ƙofa kamar masallaci. Na'ura ɗaya mutum huɗu. Wuta kuma ba ta da alkawari, tana iya zuwa da hantsi ta tafi kafin azahar. Saboda haka a littafi muke rubuta umarnin da za mu ba na'urar, layi bayan layi, mu bi shi da yatsa muna yin kamar mu ne na'urar, don in an samu minti ashirin a kujera kada a ɓata su wajen tunani. Kowa yana da disket ɗinsa, wani ɗan faifai baƙi mai kusurwa huɗu da ake ajiye aiki a ciki. Nawa a hankici nake naɗe shi in cusa cikin laffayata, don an ce zafin rana yana goge abin da ke ciki, watan Afrilu kuwa a Njamena ko ƙarfe tsoronsa yake ji.

Malaminmu Musye Naji ne, dogon mutum daga kudu, mai farin hankici da yake goge tabarau da shi duk lokacin da ɗalibi ya faɗi shirme. Ranar farko ya tsaya a bayana yana kallon jan rubutun da na'ura ta cika min fuska da shi.

"Madmwazel, me kike jira?"

"Musye, na gaya mata abin da nake nufi, ta ƙi."

"Ba ta san abin da kike nufi ba. Abin da kika rubuta ta sani. Ba ta da wayo, ba ta kuma da tausayi. Duba ƙarshen layi na huɗu."

Wata 'yar alama na manta, ɗigo da waƙafi. Na sa ta, na danna, sai jan rubutun ya ɓace, lambobi suka jeru a kan gilashin tsaf kamar sahun salla. Wani abu ya motsa a ƙirjina wanda ban ji irinsa ba tun rasuwar Kaka. Na gane ashe wannan ma wani irin baiti ne: kowace kalma da mazauninta, kowane layi da inda yake tsayawa, in ka ƙara ko ka rage duk ya rushe. Daga ranar na daina kallon taga. Na koyi yadda ake shigar da amsoshin mutane cikin jadawali, kowace mace layinta, kowace tambaya gidanta. Na koyi yadda ake haɗa jadawali biyu, yadda ake sa na'ura ta zaƙulo wadda aka rubuta wa shekara ɗari biyu bisa kuskure, yadda ake nuna mata bambancin "babu" da "ba a amsa ba". Abokiyar kujerata Ashta, 'yar Larabawan Chadi mai saurin hannu da saurin baki, takan ce ni kaɗai ce ke yi wa na'ura magana a hankali kamar mai lallashin jariri.

"Ya Safiya, kalas, ya isa haka! Danna mana, wuta za ta tafi ki bar mu da baitinki."

Aikin kammalawa, wanda ake karewa a gaban malamai a watan Yuni, shi ne komai. Waɗanda suka fi kowa a zangon Yunin nan ana tura su wani ofishin lafiya su yi wata shida na koyon aiki, daga nan galibi a riƙe su. Gurbi biyu ne kawai, kuma kowa a ajin ya san ni da Ashta ne ke gaba. Musye Naji ya ba ni kwali uku na takardun tambayoyi da ɗaliban shekarar da ta gabata suka cika a unguwannin bakin kogi, a kan haihuwa da rayuwar yara. An riga an shigar da su na'ura, ba a dai yi nazarinsu ba. Kowace mace an tambaye ta haihuwa nawa ta yi, sannan an ce ta faɗi sunayen 'ya'yanta da ke raye ɗaya bayan ɗaya da shekarunsu. Babu tambayar da ta ce nawa suka rasu, don waɗanda suka tsara takardar sun ga tambayar ta yi nauyi a yi wa uwa. Ni ce na rubuta layi ukun da suka cike gurbin: ɗauki adadin haihuwa, cire adadin sunayen da aka faɗa, abin da ya rage ka sa shi a sabon gida mai suna rasuwa. Na yi alfahari da layukan nan. Gajeru ne, masu tsabta.

Da na ce wa na'ura ta ware sakamakon bisa harshen da ake yi a gida, sai wani abu ya fito fili. A gidajen Hausawa na Sabangali da Kabalaye, gida arba'in da 'yan kai, kusan kowace uwa ta rasa ɗa ɗaya. Da na duba tazarar da ke tsakanin shekarar aure da babban yaron da aka lissafa, sai ya nuna na farko ne kullum yake tafiya. Musye Naji ya cire tabarau, bai goge ba, ya matso da fuskarsa kusa da gilashin.

"Wannan shi ne aiki. 'Ya'yan fari suna mutuwa a cikin al'ummarki, babu wanda ya lura sai ke. Rubuta shi. Wannan zai wuce jami'a."

Na fito ina jin kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Sai a kan kilando, babur ɗin haya, iska na kaɗa min laffaya, wani tunani ya faɗo min. Ni 'yar unguwar nan ce. Na san gidajen makoki da na suna. In da kowane gida ya binne ɗan fari, da na sani. Washegari na roƙi mabuɗin ɗakin ajiya, na zauna a ƙasa na buɗe kwalayen. Ba a rubuta sunan matan a takardun ba, lamba kawai, amma sunayen yara suna nan da rubutun hannu. Ina cikin juyawa na iso takarda mai lamba ɗari biyu da sha huɗu. Haihuwa: shida. Masu rai: Usman, Maryam, Habu, Zainabu, Isa.

Ƙannena ne, a jere, kamar yadda suke zama gaban kwanon tuwo. Na koma ɗakin na'ura ba takalmi, na nemo layi na ɗari biyu da sha huɗu, na bi shi da yatsa har gidan ƙarshe. Rasuwa: ɗaya. Ni ce ɗayar nan. Da hannuna na rubuta umarnin da ya kashe ni.

Dariya na fara yi, har Ashta ta juyo. Daga baya dariyar ta koma wani abu dabam, na fita na zauna a ƙarƙashin bishiyar dalbejiya. Na ga abin kamar a gabana: ɗalibi da biro, yana tambaya da Larabci, Inna tana kallon ƙasa. Ta yarda ta ce shida. Amma da aka zo sunaye, sai ta tsallake na farko, kamar yadda kowace mace mai kunya a unguwarmu za ta yi, shi kuwa bai san akwai abin da aka tsallake ba. Hankalina ya gane haka sarai. Zuciyata kuwa cewa take, ko a gaban baƙo, ko a takardar da ba wanda zai gani, ba ta iya faɗin sunanki ba.

Na je ofishin Musye Naji da takardar a hannu.

"Musye, yaron da ya mutu a wannan gidan, ni ce."

Ya saurare ni har na gama bayanin al'adar. Wannan karon ya daɗe yana goge tabarau.

"Na yarda ke kina raye, tunda ga ki. Gida ɗaya kenan. Sauran arba'in fa? Ba zan tsaya gaban malamai in ce ɗalibata ta ji a jikinta ba. Hanya biyu ce. Ki miƙa aikin yadda yake, ki ƙara layi ɗaya a ƙasa cewa wataƙila al'ada ta shafi amsoshin, ki kare a Yuni. Ko ki koma gidajen nan ɗaya bayan ɗaya ki kawo min shaida. Sati uku ya rage, ba za ki gama ba. Sai zangon Oktoba. Kin san kuma gurbin ofishin lafiya ba ya jiran Oktoba."

Ashta ta tare ni a bakin ƙofa, ta riga ta ji komai.

"Ke mahaukaciya ce? Layi ɗaya ya ce ki ƙara! Wa ke karanta ƙasan shafi?"

"Shi ya sa, Ashta. Ba mai karantawa. Saman za su karanta."

Abin da nake gani shi ne takardar nan ta fita, ta shiga ofisoshi, wani ya tashi a taro ya ce matan Hausawa ba su iya rainon ɗan fari ba. Matan da na sani, waɗanda suka goya ni. Da sunana a bangon littafin.

Baba bai ji daɗi ba. Bayan sallar magariba na same shi a zaure na faɗa masa, ya ajiye kofin shayinsa.

"An ce Yuni, na gaya wa duk mutanen Ngeli Yuni. Yanzu kuma Oktoba? Kuma aikin da ake cewa kin kusa samu?"

"Zai wuce ni, Baba."

"Saboda na'ura ta yi ƙarya?"

"Ba ta yi ƙarya ba. Ni ce ban tambaye ta daidai ba."

Ya ɗauki kofin shayinsa, sannan ya ce in abin da na gani kenan, to, Allah ya sa haka ya fi alheri. Inna tana bayan labule tana tankaɗe. Na ji rariyar ta tsaya, sannan ta ci gaba.

Na ɗauka tunda ni Bahaushiya ce aikin zai zo da sauƙi. Gida na farko da na shiga, matar ta ba ni tabarma da karkanji mai sanyi, wato zoɓo, muka gaisa har da tambayar mutanen Kabalaye. Da na fito da biro na ce ta faɗa min sunan ɗanta na fari, sai ta rufe baki da gefen mayafi ta kira maƙwabciyarta ta katanga.

"Ku zo ku ji 'yar gidan tela! Boko ya kai ta har tana tambayata abin da ko mijina bai tambaye ni ba."

Gida na biyu aka ce min, "Je ki tambayi uwarki in ita ta faɗa miki." A gida na uku tsohuwar ta ce ita ba ta da wani ɗan fari, alhali ga shi nan zaune a ƙofar gida yana gyaran babur, da gemunsa. Kwana huɗu, takarduna fari fat. Yuni ya riga ya kuɓuce min, ga shi kuma Oktoban ma ina ganin zai bi shi. Rana ta biyar ban fita ba. Na zauna a tsakar gida da kwalin a gabana, ina kallon bango.

Inna tana wanke-wanke, ta ba ni baya. Can ta ɗaga murya, ba da ni take ba, da katanga take.

"Kaltume! Kina ciki?"

Gwaggo Kaltume maƙwabciyarmu ce, aminiyar Inna tun suna amare, mace mai faɗin jiki da faɗin murya wadda ba a suna ko biki a Sabangali ba da ita ba. Ta leƙo ta saman katanga.

"Lafiya, Uwar Usman?"

"Ki ce wa 'yar nan, ba a tambayar mace abin da ke cikinta. Ta gefenta ake tambaya. Ɗan fari na maƙwabciyarmu Hajara, wa ya yi masa wanka ranar da aka haife shi in ba ke ba? Naki kuma wa ya sani in ba ni ba?"

Gwaggo Kaltume ta kwashe da dariya har katangar na girgiza.

"Kin ji ko, 'yar jami'a? Shekara uku kina karatu, uwarki ta warware shi da hannu a cikin ruwan kwanoni."

Haka aka yi. Gwaggo Kaltume ta zagaya unguwa, ta ce duk matar da ɗaliban bara suka yi wa tambaya ta zo gidanmu bayan la'asar, kowa ta taho da aminiyarta. Ba a rana ɗaya suka zo ba, yau biyar, gobe uku, wata rana ruwan sama ya hana kowa, na Kabalaye kuma mu muka bi su. Sai da muka ci kusan wata biyu. Nakan karanta sunayen yaran da ke takarda, mai su ta ce nata ne, sannan ta juya kai gefe ko ta shiga gyaran ɗankwali, aminiyarta kuma ta faɗi wanda aka tsallake: sunansa, shekarar haihuwarsa, inda yake yanzu. Wannan yana Kuseri yana sayar da atamfa. Wannan an kai ta riƙo wurin gwaggonta a Zinder. Wannan direba ne, jiya ma ya kawo wa uwarsa buhun gero, ga ta nan tana yi kamar ba ta ji. Tsakar gidanmu ta cika da shewa da tsokana, ana tayar da matattuna ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina rubutawa. Ba duka suka tashi ba. Akwai 'yan kaɗan da aminiyar za ta faɗi sunan a hankali ta ƙara da "Allah ya jiƙansa", sai uwar ta ci gaba da kallon ƙasa, wata ta miƙa hannu ta dafa gwiwarta. Waɗannan ma na rubuta su, a gidansu na gaskiya.

Takarda ta ɗari biyu da sha huɗu na bari ƙarshe. Da ma zan iya cike ta da kaina, amma Musye Naji ya ce kowace amsa sai da mai ba da ita. Ranar mata sun watse, saura Gwaggo Kaltume da Inna da ke tsince shinkafa a faranti. Na karanta sunayen ƙannena biyar.

"Na wace ce?" in ji Gwaggo Kaltume, kamar ba ta sani ba.

"Nawa ne," in ji Inna, idonta a kan shinkafa.

"To rubuta. Ta fari sunanta Safiya. Tana raye, ga ta nan ta dame mu da takardu. An haife ta da damina, ranar Laraba da safe, ni na..."

"Alhamis."

Duk muka juya. Inna ba ta ɗago ba, yatsunta na ture tsakuwa gefen faranti.

"Alhamis ce, Kaltume, bayan la'asar. Laraba aka fara naƙuda. Ruwa ya ɗauke kenan, rana ta fito ta bugi bangon can. Ba ta yi kuka da wuri ba, sai da kika hura mata a fuska. Tana da ɗan baƙin tabo a bayan kunnen hagu. Ranar da aka kai ta Kabalaye riga ruwan ɗorawa ce a jikinta, ta bar takalmi ɗaya a nan." Ta ture wata tsakuwa. "In za a rubuta, a rubuta daidai."

Ta tashi da farantinta ta shige madafi. Na kai hannu bayan kunnena na hagu. Shekara ashirin da biyu ban san da tabon nan ba, wurin da ba na iya gani ne. Gwaggo Kaltume ta share ido da bakin zane, ta harare ni.

"Me kike kallo? Rubuta Alhamis mana."

Babu gidan rana a takardar. Na rubuta a gefe.

Na koma ɗakin na'ura a watan Agusta, lokacin ba kowa sai ni da mai gadi, na'ura guda tawa ni kaɗai. Na goge layi ukun nan da na yi alfahari da su. Waɗanda suka maye gurbinsu sun fi tsawo, ba su kai su kyau ba: sabon gida na ɗan fari, sabon gida na wanda ya ba da amsa, uwa ko aminiya, da umarnin da ke hana na'ura kiran kowa matacce sai an ce ya mutu. Da na danna, tulin rasuwar nan ya narke, gidajenmu suka koma daidai da na maƙwabtanmu. Babban abin da na gano ya zama ba komai, kuma ban taɓa jin daɗin ganin ba komai irin na ranar ba.

A Oktoba na kare aikin. Ɗakin ba cika, 'yan ajinmu duk sun watse. Ashta ta samu gurbin ofishin lafiya, ta kuma cancanta. Ta zo da kayan aikinta ta zauna a sahun gaba tana yi min gwalo. Ni sai da na yi shekara biyu ina koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata kafin ƙofa ta buɗe min, kuma ba zan ce miki shekarun nan ba su yi min tsawo ba. Amma Musye Naji ya tashi a gaban sauran malamai ya ce daga bana takardar tambayoyin sashen za ta canza, kuma duk ɗalibin da zai shiga unguwa sai ya fara tambayar abin da mutanen wurin ba sa faɗa. Baba ya gaya wa duk Ngeli. Inna ba ta zo ba. Da na dawo na tarar da tuwon shinkafa da miyar kuka a rufe a ɗakina, a gefen kwanon kuma wani ɗan takalmin roba, ƙafa ɗaya, wanda bai fi tsawon tafin hannuna ba.

To kin ji. Kakarki ba ta kiran sunana, har gobe ba za ta kira ba, ni kuma na daina jira. In kin je Sabangali ki gaishe ta da kyau, ki zauna kusa da ita.

Saura abu ɗaya, tunda na san ke ma kina lura. Ina jami'a na sha alwashin in na haihu zan kira ɗana na fari da sunansa a gaban kowa, da ƙarfi. Ranar da aka miƙo min ke, na buɗe baki, sai harshena ya yi nauyi kamar na Inna. Shi ya sa kike jin "Yarinya" da "'Yar gidan nan", kina ganin ƙannenki ana kiransu kai tsaye. Bakin ya ƙi har yau. Hannun dai ya koyi rubuta abu daidai.

An haife ki ranar Litinin, ana kiran sallar azahar. Kin zo da gashi cike da kai, kin riƙe min ɗan yatsa kin ƙi saki. Ke ce ta fari. Kina raye.

Sunanki Rahama.